Ciwon Ɓarin Kai Ba Raki Ba Ne

A wannan karon ina so mu ɗan tattauna a kan wani ciwo da ya zama ɗan gida a ɗakunanmu, har mun daina lissafa shi a cikin cututtuka. Kusan babu gidan da za ki shiga ki rasa mace guda da ta san shi. Za ki tarar ta tamke kai da ɗankwali tamau, ta saki labule, ta ja ƙofa, in yaro ya yar da kwano a tsakar gida sai ta ji kamar a tsakiyar kanta ya faɗi. Idan aka tambaya ina wance, sai a ce, "Ai tana ciki, kan nan nata ne ya motsa." Shi ke nan an gama magana. Wata ma har da taɓe baki.

Wannan shi ne ciwon ɓarin kai. Larabawa suna ce masa shaƙiƙa, Turawa kuma maigiren, sunan da ya samo asali daga wata kalmar mutanen Girka da likitan nan Jalinus ya yi amfani da ita tun ƙarni na 2, ma'anarta rabin ƙoƙon kai. Kin ga ke nan da mu da su duk abu ɗaya muka gani muka raɗa masa suna. Abin da nake son ki riƙe a wannan rubutu shi ne, ciwo ne na gaskiya, yana da mazauni a jiki, masu bincike sun gano hanyar da yake bi, kuma yana da magani. Macen da yake kayarwa ba gudun girki take yi ba.

Ni kaina ina cikin masu shi, tun shekarar da na fara ganin al'ada. Nawa yakan yi sallama kafin ya shigo. Sai in ga wani ɗan ƙyalli a gefen idona, kamar fasasshen madubi a rana, yana da tsini-tsini irin na haƙoran zarto, ya yi ta faɗaɗa har in kasa ganin rabin fuskar mai yi mini magana. Bayan kamar minti ashirin sai ya ɓace, daga nan kuma sai saran ya fara a ɓari ɗaya, dum, dum, kamar ana daka a turmi. Ƙamshin albasar da nake soyawa da hannuna sai ya zama abin tayar mini da zuciya. Wani lokacin sai na yi amai na yi barci sannan in dawo hayyacina, washegari kuma in tashi jiki duk a mace kamar wadda aka yi wa duka.

Maganganun da na sha ji a kansa sun fi ciwon kansa ƙona rai. Akwai mai cewa, "Yo ciwon kai ma ciwo ne?" Akwai wadda ta ce iska ce. Akwai wadda ta ja ni gefe ta ce, "Ke dai ki bincika, wannan ba haka kawai ba ne, jifa ne." Na san gidan da kishiyoyi biyu suka shekara ba sa ga-maciji, saboda kan amarya yakan tashi kusan duk wata, ita tana zargin uwargida ta yi mata sammu, uwargida kuma tana cewa ƙarya take yi don ta bar mata wahalar girki. Dukkansu babu mai laifi. Rashin sani ne kawai, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu.

To bari mu ji abin da masu bincike suka gano. A duniya mutum fiye da biliyan 1 ne suke fama da wannan ciwo, wato kusan mutum 1 a cikin kowane 7. Kafin balaga yara maza da mata kusan kunnen doki suke yi, amma bayan balaga sai mata su ninka maza kusan sau 3. Babban lissafin cututtukan duniya na shekarar 2019 ya nuna cewa a cikin duk abubuwan da suke hana mutum moriyar lafiyarsa yana raye, ciwon ɓarin kai ne na biyu, a tsakanin mata 'yan ƙasa da shekara 50 kuwa shi ne na ɗaya. Idan ya tashi ba a yi masa magani ba, yakan ɗauki awa 4 zuwa awa 72, wato har kwana uku. Ba kullum yake tsayawa a ɓari ɗaya ba, wani lokacin duk kan yake kamawa. Wannan ƙyallin da na ce ina gani kuwa ba kowa yake samunsa ba, kamar kashi ɗaya cikin uku ne na masu ciwon.

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka laifin jijiyoyin jini ne kawai, cewa su ne suke buɗewa su yi ta bugawa. Wani likita a Amurka mai suna Harold Wolff ne ya ƙarfafa wannan fahimta a shekarun 1930 da 1940. Amma a 1944 sai wani ɗan ƙasar Birazil, Aristides Leão, yana gwaji a kan ƙwaƙwalwar zomo, ya ga wani abu kamar igiyar ruwa yana ratsa saman ƙwaƙwalwar a hankali, kamar milimita 3 a minti ɗaya, duk inda ya wuce sai wurin ya yi lakwas na ɗan lokaci. Daga baya aka gane cewa irin wannan igiyar ce take ratsa sashen gani na ƙwaƙwalwar mutum, shi ya sa ƙyallin yake tafiya sannu a hankali yana faɗaɗa. Da na karanta wannan wallahi sai na ji wani sanyi a raina, ashe abin da nake gani yana da dalili.

Kin san mu Hausawa komai jijiya muke ce masa, alhali iri biyu ce. Akwai wadda jini yake bi, akwai kuma mai kai saƙo, kamar wayar lantarki. A cikin masu kai saƙon akwai wata babba mai reshe uku, kowane ɓarin fuska da tasa. Reshe ɗaya ya nufi goshi da ido, na biyu kumatu da hanci da haƙoran sama, na uku haɓa da haƙoran ƙasa. Ita ƙwaƙwalwa a karan kanta ba ta jin zafi, amma mayafin da ya lulluɓe ta yana ji, kuma wannan jijiya mai reshe uku ce take ɗauko saƙon zafinsa. A 1979 wani likitan Amurka, Michael Moskowitz, ya nuna ta da yatsa ya ce a nan ciwon yake. A 1990 kuma Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka ɗebi jini daga jijiyar wuyan mutane a daidai lokacin da ciwon ya tashi, suka tarar wani sinadari da ake kira CGRP, wanda wannan jijiya take saki, ya ƙaru sosai. Waɗannan mutum uku tare da Jes Olesen na ƙasar Denmak an ba su babbar lambar yabo ta binciken ƙwaƙwalwa a 2021 saboda wannan aiki. Ki duba fa, ciwon da ake ce mana raki, a kansa wasu suka ƙarar da rayuwarsu suna bincike.

Me ya sa yake kama wata ya bar wata? Babban dalili gado ne. Ki tambaya a danginku, da wuya ki rasa uwa ko inna ko kaka mai shi. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya duba masu ciwon fiye da 100,000, ya gano wurare 123 a cikin ƙwayoyin halitta da suke da hannu a ciki. Me ya sa kuma ya fi kama mu? Saboda sinadarin mata da ake kira istirojin. Duk wata, dab da zuwan al'ada, yakan faɗi ƙasa, wannan faɗuwar ce take tayar da ciwon ga mata da yawa, daga kwana biyu kafin jini zuwa kwana na uku da farawarsa. Shi ya sa amaryar gidan can kanta yake tashi duk wata, babu ruwan uwargida. Shi ya sa kuma mata da yawa sukan samu sauƙi idan ciki ya wuce wata uku, wasu kuma sai bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

Wani abin mamaki, ciwon yakan fara tun kafin ki ji zafi. A 2016 wasu masu bincike a birnin Hambog na Jamus sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum ɗaya mai wannan ciwo kullum har kwana 30, suka ga sashen da yake kula da yunwa da ƙishirwa da barci ya canza aiki kwana guda kafin zafin ya zo. Wannan ne ya sa wata za ta ga tana ta hamma babu dalili, ko wuyanta ya ƙage, ko ta yi ta kwaɗayin zaƙi, ko ta yi ta jin haushin kowa. Sai ta sha alewa, gobe kai ya sara, ta ce alewa ce ta jawo, alhali ciwon ne ya fara aiko kwaɗayin. Jiki magayi, in dai an saurare shi.

Duk da haka akwai abubuwan da suke tsokano shi, kuma a gidajenmu suke. Zama da yunwa, kamar uwar da za ta ciyar da kowa ita ba ta karya ba har azahar. Ƙarancin shan ruwa a lokacin zafi. Rashin barci, musamman satin biki ko lokacin jego. Hayaƙin itace, da ƙamshi mai ƙarfi irin na turaren wuta da humra. Damuwa, da kuma hutun da yake biyo bayan damuwar. Masu cin goro ko shan shayi da kofi kullum, ranar da suka rasa kai yakan sara, shi ya sa farkon azumi yake yi wa wasu wuya. Mai irin wannan sai ta fara ragewa a hankali tun kafin watan ya kama, ta jinkirta sahur, ta yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da asuba. Shawarata ki sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk ranar da ya tashi ki rubuta kwanan wata, da ranar al'adarki, da abin da kika sha, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ni wata uku na yi ina rubutawa, na gane nawa yana bin al'ada ne da rashin barci. Wannan littafin shi za ki riƙa wa likita.

Yanzu ga inda nake son ki buɗe kunne da kyau, maganar ƙwaya. Ina da maƙwabciya da kullum safiya sai ta aiki yaro kemis, tun tana shan biyu har ta koma ba ta iya wuni sai da su, kuma kan bai daina ba, sai ma ya koma na kullum. Likitoci sun san wannan, sunansa ciwon kai na yawan shan magani. Idan mace tana shan farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, har wata uku, maganin da kansa yakan koma mai jawo ciwon. Idan kuwa irin gamin-gambizar nan ce mai haɗe da kafin ko kodin, ko kuma tiramadol, kwana 10 a wata ma ya isa. Kodin da tiramadol ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne, kuma kowa ya ga ɓarnar da suka yi a gidajen aure, har gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Ƙa'idar ita ce a sha maganin da ya dace da wuri, da zarar ciwon ya fara, a kwanta a wuri mai duhu, amma kada ya wuce kwana biyu a sati. Mai gyambon ciki ta kiyayi asfirin da ibufurofen, mai juna biyu kuma kada ta sha komai sai ta tambaya a wurin awo.

Idan waɗannan ba su yi ba, akwai na gaba da su. A 1991 aka fito da sumatiriftan, maganin farko da aka ƙera musamman domin wannan ciwo, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Sai dai bai dace da mai ciwon zuciya ba, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Wadda ciwon yake kayar da ita kwana huɗu ko fiye a wata kuwa, rigakafi ya fi magani. Akwai ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi da likita yake rubutawa a riƙa sha kullum, irin su furofaranolol da amitiriftilin. Sai an yi haƙuri wata biyu zuwa uku kafin a yanke musu hukunci, kuma in suka rage yawan ciwon da rabi to sun yi aiki. Akwai wani mai suna balfurowet da yake lahanta jariri a ciki, don haka mai shirin haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro. Sannan a 2018 Amurka ta amince da allurar farko da take toshe hanyar sinadarin CGRP ɗin nan, sau ɗaya a wata. A gwajin da aka yi, kamar mutum 4 zuwa 5 cikin 10 sun samu ragin rabin kwanakin ciwonsu. Kuɗinta ne dai ya fi ƙarfin talaka, don da ta fito dala 575 ce ta wata guda.

Ga kuma wata magana da ba a cika faɗa mana ba. Duk macen da take ganin ƙyallin nan kafin ciwon kai, bai kamata ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin ba, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da babu istirojin a cikinsu. Ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ko da ba ta tambaye ki ba.

Ita wannan jijiya mai reshe uku tana da wani ciwon daban, na fuska, kuma a wurin Goggona na san shi. Ta haura shekara sittin lokacin da ya same ta. Ta ce ji take kamar an jona mata wutar lantarki a kumatun dama, ya yi 'yan daƙiƙu ya sake ta, can kuma ya dawo. Taunar tuwo tana tayar da shi, asuwaki yana tayar da shi, ruwan alwala in ya taɓa gefen hancinta sai ta daskare a tsugune, iskar hunturu ma ba ta bar ta ba. Mace mai fara'a da son hira ta koma ba ta magana, sai kunu da ƙaramin cokali, ta rame ta lalace. Da yake a wajen haƙori take jin sa, sai da aka cire mata haƙora uku lafiyayyu, ɗaya bayan ɗaya, ciwo yana nan daram. Ranar da aka dace da likitan da ya san abin, tambaya biyu ya yi mata: "Hajiya, minti nawa yake yi? Me yake tayar da shi?" Daga nan ya rubuta mata kabamazefin. Cikin sati guda Goggo ta ci tuwo.

Wannan ciwo tun 1773 wani likitan Landan, John Fothergill, ya siffanta shi. Ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 50, kuma mata sun fi yawa. A 1934 likitan fiɗa Walter Dandy ya bayyana cewa sau da yawa wata jijiyar jini ce take danne tushen jijiyar saƙon a cikin kai, tana gogarta har rigarta ta sale, kamar wayar wuta da robarta ta ɓare. A 1962 aka gano kabamazefin, wanda asalinsa maganin farfaɗiya ne, yana kwantar da shi ga mafi yawan masu ciwon, alhali farasitamol ba ya yi masa komai. Wanda magani ya kasa kuma akwai aikin tiyata da Peter Jannetta ya inganta a shekarun 1960, inda ake ɗage jijiyar jinin a sa ɗan matashi a tsakaninsu. Kabamazefin ba abin saye a kemis da ka ba ne, yana sa jiri, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, kuma in ƙuraje suka feso a jiki ko baki to a koma asibiti a ranar. Darasin Goggo shi ne, kafin a cire haƙorin da ba shi da rami ba shi da kumburi, a tsaya a yi tambaya. Haƙori in ya fita ba ya dawowa.

Sai dai kada wannan bayani ya sa ki ɗauki kowane ciwon kai a matsayin na ɓari. Akwai waɗanda ba a kwana da su a gida. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba. Ciwon kai da zazzaɓi da ƙagewar wuya, wanda mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ciwon kai tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar harshe. Wanda ya biyo bayan buguwa a ka, ko sabon ciwon kai ga wanda ya wuce shekara 50. Sai kuma mai cikin da ya wuce wata biyar, ko mai jego, in ta ji ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin ido ko kumburin fuska da hannu, a gaggauta auna jininta, domin yana iya zama share fagen jijjiga.

'Yar uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kishiyarki ce ko surukarki ko 'yarki take fama, ki karɓar mata girkin ranar, ki janye yara daga ƙofarta, ki kashe turaren. In ke ce, ki daina jin kunyar faɗa. Ki sami lokacin da maigida yake cikin nishaɗi ki miƙa masa wannan shafin ya karanta, sannan ki nemi ya kai ki asibiti da ɗan littafinki a hannu. Ki gaya wa likita kwana nawa yake kama ki a wata, da ƙwaya nawa kike sha, da ko kina ganin ƙyalli, da ko kina da ciki ko kina shirin samu. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, mu kuma ya ƙara mana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.